Muryar Karumbi

Shekara tara Rajamma ta yi tana faɗuwa a gaban kyamara. Ta faɗa rijiya, ta faɗa kwatami, ta zame a kan kashin shanu, an kifa mata tukunyar miya a ka har ta daina ƙirgawa. A kowane fim sunanta ɗaya ne, Karumbi, sunan da ake kiran baƙar saniya da shi, kuma aikinta ɗaya: 'yar aikin gidan masu gonaki, ga ci, ga son madubi. Da fuskarta ta bayyana a allon silima, tun ba ta motsa ba, 'yan bencin gaba sun fara fito da buga ƙafa. Ba wani abu take yi ba fa. Baƙa ce, haƙoranta biyu na gaba sun ɗan turo, kuma duk ɗan Kerala, nan kudancin Indiya, da ya ga fuskar ya san daga wace unguwa ta fito, ya san a gonar su wa iyayenta suka tsufa. Wannan kaɗai ya ishe mu dariya. Mu mutane ne masu son raha, ba mu kuma cika tambayar a kan wa ake yin ta ba.

Abin haushin shi ne matar ta iya wasa. Kafin fim ya ɗauke ta, shekara goma sha biyu ta yi a wata ƙungiyar wasan dandamali, suna yawo gari-gari a tsohuwar mota lokacin bukukuwa. Murya gare ta mai kauri, wadda ke kaiwa ƙarshen fili ko da lasifika ta lalace, kuma akwai tsofaffi a Kollam da har yanzu suke tuna ranar da ta sa su kuka. Amma a fim ba wanda ya taɓa jin wannan murya. Kyamarar zamanin ƙara gare ta kamar injin markaɗe, don haka ba a ɗaukar magana a wurin aiki. Sai an gama komai a kwashi fim a tafi Madras, a shiga ɗaki a ɗora wa kowa murya. Manyan 'yan wasa sukan je su ɗora tasu da kansu. Irin su Rajamma kuwa, wa zai sa su a jirgin ƙasa kwana guda saboda ihu biyu da "to, maigida"? Duk matar da ke kusa ita za ta yi mata ihun.

Mijinta, matuƙin kwale-kwale, ya daɗe da rasuwa. Abin da ya rage mata a duniya 'yarta ce, Ambili, wadda faɗuwar nan ta uwarta ta ciyar da ita ta kai ta makaranta har ta zama malama a firamaren ƙauyensu, can cikin ruwayen Kuttanad. Ambili ba ta taɓa musun haka ba. Amma tun fim na biyu ba ta ƙara taka ƙofar silima ba.

Wata ranar Laraba cikin Janairu ta dawo daga makaranta ta tarar da uwar tana ninke kaya a jaka.

"Kuma?"

"Kwana shida ne kawai, 'yata. Ottapalam za mu."

"Wannan karon me za su kifa miki? Miyar ta ƙare, ko sun koma ruwan wanke-wanke?"

"Ki ci abinci tukuna. Ga rogo can da kifi, na rufe miki."

Ambili ta ajiye lema, ba ta ko kalli kwanon ba, ta dubi uwar tata, wadda take kira Amma, wato Inna a harshenmu. "Yau na juya baya ina rubutu a allo, aji gaba ɗaya ya ɗauki kukan saniya. 'Yan shekara takwas fa, Amma. Na je na faɗa wa hedimasta, ya ce in yi haƙuri, wai shi ma masoyinki ne. Yana faɗa yana cije leɓe kada dariya ta kuɓuce masa."

"Yara ne."

"Wa ya koya musu? Kin san akwai 'yan unguwarmu biyar a ajin nan? Su suka fi kowa ƙarfin kukan, don kada a juyo kansu. Ni nake ce musu su ɗaga kai, su kuma suna ganin uwata tana rarrafe ana dukan ta da tsintsiya."

Ta ciro wata takarda daga cikin littafi ta shimfiɗa a kan tabarma. An ba ta damar canjin wurin aiki zuwa Kannur, can arewa, inda ba wanda ya san 'yar wace ce. Tana da lokaci har zuwa komawa makaranta farkon damina.

"Ban sa hannu ba," in ji ta. "Amma in na ƙara ganin hotonki a bango da tukunya a ka, zan sa. Kuma in na tafi, Amma, ba zan riƙa zuwa hutu ba. Na gaji."

Rajamma ta daina ninke kayan. Ta san 'yarta, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba, halin ubanta ta ɗauko. Ta tsorata ƙwarai, irin tsoron da ba ta ji ba ko ranar da aka ɗaura mata igiya aka zura ta rijiya.

A Ottapalam wani tsohon gidan masu gonaki aka ara don aikin, mai dogon baranda da ginshiƙan katako. Tsohuwar gidan ta yarda a shigo da fitilu da wayoyi da takalman mutum arba'in har tsakar gidanta, amma ta kafa sharaɗi ɗaya: waccan baƙar kada ta wuce baranda sai in kyamara na aiki. Ba wanda ya ga abin magana a ciki. Dama ai shayin manya a kofin gilas ake kawo shi, na ƙanana a kofin ƙarfe, na Rajamma kuma a kofin ƙarfen da ya lotse. A gindin mangwaro take cin abinci.

Mutum ɗaya ne ke zuwa ya zauna da ita a can, Devassy, babban ɗan barkwancin fim ɗin, wanda sunansa kaɗai ke cika silima. Da kwaikwayon murya ya fara a filin bukukuwa, kuma har yanzu bai daina ba. Yakan zo ya miƙe ƙafa, ya sa hannu a kwalbar yajin jatan landen da take tahowa da shi daga gida, ya yi mata muryar darakta, ya yi ta tsohuwar gidan, ya yi ta akuya mai mura, har sai ta ƙware.

"Chechi, na rantse, in kika daina fim ni ma na daina. Wa zai riƙa kawo mini yajin nan?"

Chechi, wato yaya, yake kiran ta a gaban kowa, ita kuma har ranta tana jin daɗin hakan.

A rana ta uku ta yi ta maza ta je wajen darakta. Prabhakaran Thampi sunansa, mutum ne mai fararen kaya da tattausar magana, wanda a duk hirarsa da 'yan jarida sai ya ce talaka yake yi wa fim. Ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda ta saba, ta faɗa masa komai: ajin, kukan saniyar, takardar Kannur.

"Sar, ba babban abu nake roƙo ba. Fitowa ɗaya kawai, in tsaya da ƙafafuna in yi magana kamar mutum. Ko minti biyu ne. Yarinyar ta gani, sai in daina."

Tana magana idonta ya kawo ruwa. Thampi ya tsura mata ido, ya karkata kai gefe, ya rufe ido ɗaya kamar mai leƙa kyamara. Ya daɗe a haka. Ita ta ɗauka tausayi ne.

"Gobe da safe," in ji shi. "Ki bar mini."

Washegari ya tsara abin. Zoben maigida ya ɓata, an ce Karumbi ce ta ɗauka, an zazzage ƙullin kayanta a tsakar gida a gaban kowa. Aka matso da kyamara daf da fuskarta.

"Ba rubutu, Rajamma. Maigida ya kira ki ɓarauniya. Ki ba shi amsa da abin da ke ranki. Kada ki yi wasa, ki faɗi gaskiya."

Injin ya fara ƙara. Ta dubi ɗan wasan da ke matsayin maigida, amma ba shi ta gani ba.

"A bakin gonarku uwata ta haife ni," ta ce, muryar ta cika tsakar gidan har ta danne ƙarar kyamara. "Kafin rana ta karkata ta koma cikin taɓo, don ba a gama dashe ba. Shekara talatin ina wanke kwanukan gidan nan, ban taɓa cin abinci a ɗaya daga ciki ba. Ni na goya 'ya'yanku, da suka girma suka daina shan ruwan da na taɓa. Ga kayana nan, ku duba. Zane biyu ne da mataji. In sata kuke nema, ku tambayi ginshiƙan nan wa ya sare su, wa ya ɗauko su a ka, me kuma aka ba shi." Ta bugi ƙirjinta. "Ina da suna. Uwata ta raɗa mini suna. Ko ɗaya a cikinku bai taɓa tambaya ba."

Hawaye ya wanke mata fuska har wuya. Da Thampi ya ce a yanke, ba wanda ya motsa. Mai kyamara ya cire tawul daga kafaɗa ya goge ido. Tsohuwar gidan, wadda ke leƙe ta taga, ta ja ƙyaure ta rufe. Devassy ya zo ya durƙusa ya taɓa ƙafar Rajamma a gaban kowa.

"Chechi, kin kashe mu."

"Sau ɗaya ya isa," in ji Thampi, yana murza hannu. "Wannan fuskar ba ta samuwa sau biyu."

"Sar, muryar fa? Ni zan ɗora?"

"Wa zai ɗora in ba ke ba? Za mu aiko miki da talgiram."

Ta koma gida kamar wadda aka sauke wa dutse. Ranar da ta isa, suna kicin tana kankare kwakwa, ta miƙe ta maimaita wa Ambili maganar tun daga farko, da muryar nan tata ta dandamali. Ambili tana tsaye da ludayi a hannu. Da aka zo wajen suna, ta ajiye ludayin ta rufe fuska da gefen sari. Rabon da ta rungumi uwarta tun tana 'yar makaranta, amma ran nan ta rungume ta.

"Za su bari a faɗi wannan a silima?"

"Thampi sar da kansa ya sa ni."

"To zan je. Ranar farko zan je, ni zan sayi tikitin."

Fabrairu ta wuce ba talgiram. Kullum Rajamma na bakin ruwa lokacin da kwale-kwalen mai kawo wasiƙu ke wucewa, har mutumin ya fara girgiza mata kai tun daga nesa. Tsakiyar Maris sai ga ɗan kati daga mataimakin darakta, layi uku: an gama aikin murya, lokaci ya ƙure, ba sai ta wahala ba, an samu wanda ya dace. Ta sha jinin jikinta, ba ta kai wawiyar da suke nunawa ba. Amma ta ce a ranta, murya ce kawai za su canja, maganar ai tana nan, mutum arba'in sun ji ta. A nan ta yi kuskure, kuskuren 'yar dandamali, wadda ta saba abin da ya fita bakinka shi ne abin da jama'a suka ji. Ta soke katin a rufin ɗaki, ba ta nuna wa Ambili ba.

An saki fim ɗin ranar bikin Vishu, bikin sabuwar shekararmu, tsakiyar Afrilu. Suka shiga jirgin ruwan safe zuwa Alappuzha don kallon ƙarfe biyu. Ambili ta saya wa uwar sabon sari fari mai bakin zinare, ta taje mata kai da kanta, ta sayi tikitin kujerun sama, inda Rajamma ba ta taɓa zama ba. Silimar ta cika maƙil, ga zafi, ga warin gyaɗa da man kwakwa.

Awa guda ana ta shirme irin na kullum. Karumbi ta shafa hoda ta zama kamar fatalwa, jama'a suka yi dariya, Ambili ta daure. Rajamma ta raɗa mata, "Saura kaɗan." Sai ga tsakar gidan, ga ƙullin kaya a zazzage, ga fuskar Rajamma ta cika allo, kowace ƙwayar ido ta kai girman faranti. Silimar ta ɗan yi tsit, domin fuskar ta isa ta sa a yi tsit. Ambili ta kama hannun uwarta.

Bakin da ke allo ya buɗe. Wata 'yar siririyar murya ta fito ta hanci, kamar an shaƙe akuya.

"Kwano uku kacal na ci, maigida! Kafin in lashe na huɗu suka ɗauke!"

Dariya ta fashe kamar an ɓalle madatsar ruwa. Rajamma ta gane muryar tun kalmar farko. Ta sha jin ta a gindin mangwaro, da yajinta a bakin mai ita.

Kuma fa Devassy ya iya aikinsa, la'ananne. Ya zauna ya auna kowane motsin leɓenta ya ɗinka masa kalma, ba inda ya zarce, ba inda ya gaza. Inda ta ce ta goya 'ya'yansu, muryar ta ce direban maigida ya kashe mata ido. Inda ta nuna ginshiƙai, muryar ta ce ta fi matar gida kyau in an kashe fitila. Da ta bugi ƙirji aka sa ƙarar ganga. Da hawayen ya gangaro aka bi shi da usur, fiiii, har ya sauka a haɓa. Sannan aka zo wajen suna, inda fuskar ta fi ko'ina ban tausayi, leɓe na rawa, ido jawur.

"Ni fa fara ce! Rana ce ta ɓata ni!" Aka rufe da kukan saniya mai tsawo.

Mutane suka hau kan benci. Wani tsoho a gabansu ya yi dariya har ya zamo daga kujera. A ƙasa, a bencin gaba, inda masu dako da matuƙan kwale-kwale da masu kaɗa igiyar kwakwa suke zama, baƙaƙe irinta, 'yan unguwa irin tata, can ne ihun ya fi ƙarfi. Suna maimaita maganar tun ba a gama ta ba. Sai aka kunna fitilu, hutun rabin lokaci.

Rajamma ta kasa ɗaga kai. Ta ji kamar ta nutse. Jira take hannun da ke cikin nata ya zare, amma bai zare ba, sai ma ya ƙara matsewa.

"Amma, dube ni." Ba kuka Ambili take ba, fushi ne a muryarta. "Ba ke ba ce wannan. Na ji abin da kika faɗa, da kunnena na ji. Su suka yi. Ba zan sa hannu a takardar nan ba, kin ji? Ba inda za ni. Abu ɗaya kawai: kada ki ƙara ba su komai. Ko murmushi. Tashi mu tafi gida."

Wani daɗi ya ratsa Rajamma a tsakiyar wannan baƙin ciki, har ta ji kunyar jin sa. Ta ja gefen sari ta rufe kai, suka bi matakala.

A ƙasan matakalar, sai ga Thampi tsaye da fararen kayansa, da sigari, tare da manajan silima. Ya zo ne ya ji da kunnensa inda ake dariya. Yana ganin ta ya washe baki.

"Rajamma! Kin ji kuwa? Kin ji yadda rufin ya kusa tashi?"

"Sar," ta ce a hankali, "me na yi maka?"

Ya yi mamaki, mamaki na gaske, abin da ya fi komai ciwo ke nan. "Me kika yi mini? Ke kika ceci fim ɗin! Saurara, da na ce miki abin dariya ne, da kin riƙa murguɗa baki kina zare ido, irin na kullum. An gaji da wannan. Kukan gaske nake so, a ɗora masa shirme, shi ne sabon abu. Tun ranar da kika zo kina ba ni labarin yarinyar nan na gan shi a idonki." Ya juya ga Ambili. "Wannan ce malamar? Malama, ki yi alfahari da uwarki. Fim goma za su biyo bayan wannan."

"Ba mu hanya," in ji Ambili.

Shi ko a jikinsa. Ya dubi farfajiyar, inda ɗaruruwan maza suka yi cincirindo wajen mai shayi da mai gyaɗa, ya ga talla kyauta. Ya ɗaga hannun Rajamma sama kamar wadda ta ci dambe.

"Jama'a! Ga Karumbinku nan da kanta!"

Suka yi ca. Kafin ta ƙifta ido an kewaye su, an raba ta da Thampi, wanda manaja ya ja zuwa ofis ya rufe ƙofa.

"Karumbi! Yi mana!"

"Rana ce ta ɓata ni! Faɗi mu ji!"

"Kai, ku duba, har da sari mai zinare! Na uwar ɗakinki kika sata?"

"Chechi, sau ɗaya kawai, don Allah!"

Rajamma ta rufe baki gam, ta sa kafaɗa tana neman ƙofa, hannunta riƙe da na 'yarta. Turawa ɗaya aka yi hannun ya suɓuce. Ta waiga ta hango Ambili an matse ta jikin bango, maza sun rufe ta.

"Wannan kuma wace ce?"

"'Yarta ce! Ga 'yar maraƙar!"

"Ita ma rana ce ta ɓata ta? Bari mu duba inda ranar ba ta kai ba!"

Wani ya kama kitson Ambili ya ja, kanta ya koma baya. Wani hannun ya kama gefen sarinta daga kafaɗa, allurar da ta maƙale shi ta ɓalle. Ambili ba ta yi ihu ba, duka take kaiwa da lema, amma su nawa za ta doka? Rajamma ta ƙwalla kira da muryarta ta gaske, ta ce ku sake ta, 'yata ce. Ba wanda ya juyo. Ba su san wannan muryar ba.

Akwai bencin mai shayi a gefenta. Ta taka ta hau. Shekara ashirin da ɗaya tana wasa, kunnenta ba ya buƙatar jin abu sau biyu. Ta matse maƙogwaro, ta tura iskar ta hanci, ta turo haƙoran nan gaba.

"Ni fa fara ce! Rana ce ta ɓata ni!"

Ta fito daidai, ko Devassy sai haka. Farfajiyar ta ɗauki sowa, duk kawuna suka juyo, hannayen da ke jikin Ambili suka saki don su tafa. Rajamma ta ga haka ta ƙara. Ta yi ta kwano uku, ta yi ta direba, ta bugi ƙirji wani ya yi mata ƙarar ganga da baki. Suka ce saura kukan saniya. Ta dubi bango ta ga Ambili ba ta kai ƙofa ba tukuna, sai ta ɗaga kai sama, cikin sabon sarin da 'yarta ta saya mata, ta yi musu kukan saniya har sau uku. Hawaye na zuba, su kuma suna cewa kai, har kukan ta iya.

Ƙararrawa ta kaɗa, suka ruga ciki kada a ci gaba ba su. Farfajiyar ta koma ba kowa sai ɓawon gyaɗa. Ambili tana tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe sarinta a kafaɗa da hannu ɗaya. Ba ta fita ba. Ta tsaya ta ga komai.

Suka kama hanyar tashar jirgin ruwa, Ambili a gaba, uwar na binta da sauri-sauri.

"'Yata, gashinki suka kama. Kin ga hannun mutumin nan kuwa? Me kike so in yi?"

Ambili ta ci gaba da tafiya.

"Na kira su da muryata, ba su ji ba. Ambili, tsaya mana."

Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Da kin bar su sun tsige gashin."

"Haba, 'yata."

"Ɗazu ina da abin da zan faɗa wa yaran nan. Zan ce ba uwata ba ce, wani ƙato ne a Madras ya sa mata baki. Yanzu mutum ɗari uku sun gani da idonsu, ba Madras, ba kyamara. Gobe labarin zai riga ni zuwa aji." Ta gyara sarin a kafaɗarta. "Kuma kin iya, Amma. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kin fi shi iyawa."

Jirgin ƙarfe huɗu na tsaye. Ambili ta shiga ta wuce can gaba ta zauna kusa da taga, tsakanin wata mai kwandon ayaba da wani tsoho, inda ba sauran wuri. Rajamma ta zauna a bencin baya kusa da injin. Daga nan tana hango ƙeyar 'yarta, da kitson da ta taya ta yi da safe, ya warware rabi.

Kwandasta ya fara daga gaba. Ya san su, shekara da shekaru yana ganin su tare. Ya tsaya kan Ambili ya ɗaga littafin tikiti, ya nuna baya da haɓa.

"Malama, biyu ko?"

"Ɗaya."

Jirgin ba shi da girma, Rajamma ta ji. Ta miƙe tsaye ta kira sunan 'yarta, da muryarta, mai kaurin nan da ke kaiwa ƙarshen fili. Daidai nan matuƙi ya tayar da injin. Ambili ba ta waigo ba, sai wani fasinja da ke kusa ne ya ga bakin matar na motsi, ya gane fuskar, ya zunguri abokinsa suka fara dariya.